Ƙasusuwan da Na Tara a Madina

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya kai ni, Shi ya dawo da ni. Tun da na sauka mata ke shigowa yi mini barka. Kowace in ta karɓi dabino ta kurɓi zamzam sai ta gyara zama ta ce, "To Inna, ba mu labari." Na faɗa har muryata ta dushe. Na kuma ji labarin ya riga ni zaga gari, wai na je birnin Manzo ina neman kare. Gaskiya ne, na nema. Shi ya sa na ce wa Asabe, matar ɗana Sani, ta ɗauko biro ta rubuta yadda abin ya faru, tunda ni ban san rubutu ba. Wanda ya sake tambaya a karanta masa.

Malam mai gidana, Allah Ya jiƙansa, mafarauci ne a ƙuruciyarsa. Da ƙafa ta gaza sai ya koma lambu a bakin rafi, albasa da tumatir da 'yan itatuwan mangwaro. Karensa na ƙarshe shi ne Barsu, ja mai farin ƙirji, kunne ɗaya a yage. A lambu yake zaune, bai san cikin gida ba. Ranar da Malam ya faɗi tsakanin kunyoyin albasa, da hantsi, Barsu ne ya zo gida shi kaɗai, ya tsaya ƙofar ɗakina yana haushi yana juyawa, har na yafa mayafi na bi shi. Na iske Malam da sauran numfashi, a cinyata ya cika. Daga ranar ƙafata ba ta sake taka lambun nan ba, shi ma Barsu bai koma ba. Ya kwanta a ƙofar ɗakina muka yi takaba tare. Ba ya cin abinci sai daga hannuna, kuma duk naman da na ci, ƙashin nasa ne.

Sani ne ya biya mini kujerar Umara, ya ce ko kukan zai ragu. Allah Ya saka masa. Amma a kan Barsu mun sha gwagwarmaya. Ana saura kwanaki in tafi ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, za ki dawo mutane su cika gidan nan, malamai su zo addu'a, su tsallake kare a ƙofar ɗakinki? Ranar kasuwa masu sayen karnuka na zuwa, ki bari in rabu da shi."

Kowa ya san abin da masu sayen karnuka ke yi da su. Na ce, "Karen ubanka za ka kai wa wuƙa?"

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "To ki je Madina ki duba. In kin ga kare a hannun Musulmi a can, ki zo ki faɗa mini."

Shi cikin fushi ya faɗa. Ni kuwa na ƙulle maganar a bakin zane na tafi da ita.

Ranar tafiya da safe mota ta ɗauke mu, mu masu zuwa Umara, zuwa Kano. Barsu ya bi motar har bayan makarantar firamare, ina hango shi ta gilashi yana ɗingishi cikin ƙura. A filin jirgi aka jera mu da jakunkuna, aka ce duk mai goro ya fito da shi tun da wuri. Na miƙa nawa ina ji kamar an cire mini haƙori. Sai ga wani ma'aikaci da ƙaton baƙin kare, yana bi jaka jaka yana shinshina. Mata suka watse suna salati suna tattare hijabi. Ni kaɗai na tsaya. Karen ya zo jakata ya daɗe yana shaƙa, ya ɗago ya dube ni. Na san warin Barsu ya ji, don a kan jakar ya kwana. Bakina ya suɓuce na ce masa, "Sannu, ɗan albarka." Aka fa ware ni gefe, aka zazzage kayana kaf, har garin kunu da man zafi. Ba a sami komai ba. Wata Hajiya Ladi, 'yar kasuwa daga Zariya wadda ta sha zuwa Saudiyya, ta taya ni mayar da kaya tana cewa, "Baba, in an ga kare a filin jirgi ba a gaishe shi."

Jirgi bai tsorata ni yadda na zata ba, sai dai kunnena da ya toshe. Aka kawo shinkafa da cinyar kaza a ɗan akwati. Na ci, na suɗe ƙashin, sai ga shi na ƙulle shi a gefen mayafi. Hannuna ne ya yi, ban sa shi ba. Da na tuna inda nake na so in jefar, na kasa.

A Madina muka sauka kai tsaye. Wurin duba fasfo wani saurayi mai kaki ya ce in ɗora yatsu a kan gilashi. Na ɗora, na'urar ta ƙi. Ya goge mini yatsun da wani ruwa, ta ƙi. Shekarun wanki da daka sun cinye zanen. Layi ya taru a bayana, na ce shi ke nan, daga nan za a mayar da ni, ga kuma ƙashi a mayafi. Daga ƙarshe babban yatsan hagu ya kama. Yaron ya yi dariya ya ce, "Yalla ya ummi," ya nuna mini hanya.

Masaukinmu dogon bene ne kusa da Harami. Mu huɗu a ɗaki, har da Hajiya Ladi, wadda ta zama idona da bakina. Ita ta koya mini shiga akwatin nan mai hawa da mutane sama, ita ta nuna mini famfon zafi bayan na ƙona hannu. Sanyin na'urar ɗakin ya sa na kwana da safa. Abinci kuwa kullum shinkafa da kaza, wani lokaci rago, sai gurasarsu mai faɗi da wake dakakke da safe. Nama ya yi yawa har mata na barinsa a faranti. A gida sai an yi suna ko Sallah muke ganin irin wannan. Ina kallon ƙasusuwan nan ana kwashewa zuwa shara, zuciyata ba ta ba ni ba. Na samu leda na fara tarawa, nawa da na 'yan ɗakinmu. Na ce ai in na ga karen Madina ba zan je masa hannu sake ba.

Ranar da na fara ganin koren ƙubba na manta da komai. Na yi wa Manzo sallama, na isar da ta Malam, wanda ya rayu yana burin zuwa Allah bai nufa ba. Na yi kuka har wata Baturkiya ta rungume ni tana shafa bayana, ba ta jin nawa, ba na jin nata.

Amma da na fito sai idona ya koma ƙasa yana dube-dube. Garin nan ba akuya a titi, ba kaza, ba juji. Kyanwoyi ne ko'ina, manya masu ƙiba, suna kwance a ƙofar shaguna ba mai cewa kit. Na ga wani Balarabe da farar jallabiya ya durƙusa yana zuba wa kyanwa madara a murfin roba. Tattabaru kuma har hatsi ake saya musu a watsa. Na ce a raina, mutanen da ke yi wa kyanwa haka, ina suka kai karnukansu? Na saurara da asuba, na saurara da rana, ko haushi ɗaya ban ji ba. Sai tsoro ya kama ni biyu. Na farko, kada Sani ya yi gaskiya. Na biyu, kada in zama na zo wuri mai tsarki zuciyata na kan kare, a rubuta mini zunubi maimakon lada.

Hajiya Ladi ta kira mini gida a wayarta. Asabe, wannan da ke rubutawa, ta ce Barsu ya ƙi cin komai, ruwa kawai yake lasa, kuma ta ji Sani yana tambayar wani ko masu saye za su zo kasuwar wannan makon. Na ce a ba ni shi, aka ce ya fita. Ranar ko shinkafar ban iya haɗiya ba.

Kashegari Hajiya Ladi ta buɗe ɗan firijin ɗaki za ta sa zamzam, ta ci karo da ledata. Ta ce, "Innalillahi! Baba, mene ne wannan kusa da zamzam ɗina? Magani kike haɗawa?"

Na ce na kare ne.

"Wane karen? Shekara nawa ina zuwa garin nan ban taɓa ganin ko wutsiya ba. Ki rufa mana asiri ki zubar, kafin a ce 'yan Najeriya sun zo da tsafi."

Na ce to. Amma ban zubar ba, na cusa ledar a jakar hannuna ƙarƙashin dadduma. Na manta cewa a ƙofar mata ta masallaci akwai masu gadi, mata masu baƙin niƙabi, da ke buɗe kowace jaka. Da azahar na miƙa tawa. Matar ta ɗaga dadduma, ta buɗe ledar, ta ja da baya tana toshe hanci, ta yi ta zuba Larabci. Na ce, "Kare, na kare ne." Ba ta gane ba. Hanya ɗaya ta rage in fahimtar da ita, in yi haushi, ni kuwa ba zan yi haushi a ƙofar masallacin Manzon Allah ba. Ta nuna mini waje. Na koma can nesa gindin wani ginshiƙi na yi sallata a kan dutse mai zafi, na zauna ina kuka ina cewa, "Malam, ka ga abin da ka bar ni da shi."

Sai na ji an ce, "Hajja, lafiya? Esh ya same ki?"

Wata dattijuwa ce baƙa, da kwando a hannu. Sunanta Halima. Ta ce kakanninta Hausawa ne da suka taso da ƙafa za su Makka suka zauna a Sudan, can aka haife ta, aure ya kawo ta Madina. Tuwo da miyar kuka take sayar wa alhazai a wani lungu bayan benaye. Hausarta rabi Larabci ce, sai na kasa kunne sosai. Na kwashe labarin duka na faɗa mata, ina jiran ta yi mini dariya. Ta yi kuwa, har da dafa gwiwa, sannan ta share ido ta ce, "Ya miskina! Kalb kike nema a Haram? Nan ba wurinsu ba ne. Suna mazra'a, gonakin dabino, can Awali. Mijina Idirisu can yake shugul, aikin gona. Akwai ɗaya a wurinsu. Bukra da safe sayyara, motar gona, za ta kawo mini itace, ki zo mu tafi."

Bukra ɗin nan, wato gobe, ita ce ranar da za mu bar Madina. Jagoranmu ya riga ya yi gargaɗi cewa bayan azahar motar Makka za ta tashi, ba za a jira kowa ba, kuma kada tsoho ya fita shi kaɗai. Fasfo ɗina ma yana hannunsa. Na faɗa wa Hajiya Ladi. Ta ce, "Baba, ba ki san matar nan ba. In aka sace ki me zan ce wa 'ya'yanki?" Ta yi faɗa ta gaji, sannan ta ɗaura mini katin masauki a wuya, ta damƙa mini ƙaramar wayarta ta ce, "In kika ɓata ni ban san ki ba. Ungo, ga ƙashin ragon jiya, ki ƙara."

Motar gona buɗaɗɗiya ce, ni da Halima muka matsu a gaba. Muna barin benaye gari ya sauya, gidaje gajeru, sai dogayen katangu, kawunan dabino na leƙowa ta sama. Kowace kwana muka sha sai in ce a raina ba zan iya komawa da ƙafa ba. Ina ta kallon rana ina auna azahar.

Abin da na fara gani ba kare ba ne. A wajen katangar gonar, a inuwa, an yanka jarka biyu an cika da ruwa, an danne da dutse kada iska ta kifar. Na tambaya na wane ne. Halima ta ce na karnukan da ba su da kowa ne, masu saukowa daga duwatsu in zafi ya yi zafi. Mai gonar ne ya ce kada a bar jarkar ta bushe, ko da ba a ga mai sha ba. Na tsaya ina kallon ruwan nan. A garinmu kare marar gida jifa yake samu.

Idirisu ya fito, dogon tsoho da rawani, ƙafarsa duk laka. Halima ta yi masa bayani da Larabci, ya dube ni ya ce, "Marhaba, Hajja. Daga Najeriya har nan don kalb? Wallahi mai gidanki ya yi sa'ar mata." Ya ja mu ciki ta bakin wata 'yar magudanar ruwa. Can ƙarshen gona, nesa da rumfar da suke salla, ga ta kwance a gindin dabino. Macen kare ce, siririya kamar barewa, launin ƙasa, an ɗaure ta da doguwar igiya yadda za ta bi inuwa duk inda ta juya. Tana da kwanonta daban, da wurin shanta daban, da tsohon buhu na kwanciya. Idirisu ya ce da rana tana hutawa, in ma'aikata sun tashi a sake ta ta yi gadi. Ba ta shiga ɗaki, ba ta taɓa kwanon mutane, kuma ba mai dukanta. "Tana da aikinta, muna da namu," ya ce. "In ba ta ci ba, ni za a tambaya."

Na kwance ledar. Warin ya sa Halima ta matsa. Idirisu ya tsince na kaza ya ce waɗannan suna tsaga ciki, ya bar na rago. Na durƙusa na miƙa mata da hannuna yadda nake yi wa Barsu. Ta shinshina, ta dube ni, ta karɓa a hankali kamar mai jin kunya. Jin ƙarar ƙashin nan a bakinta sai ga ni a lambu, Malam na zaune a bakin rijiya yana wanke ƙafa. Na zauna dirshan a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar addu'ar ukun Malam.

Halima ta karɓi wayar ta kira Sani ta inda ake ganin fuska. Na ce, "Sani, ka ce in na gani in faɗa maka. Duba." Aka juya masa wayar ya ga karyar, ya ga igiya da kwano, ya ga Idirisu da carbi a wuya, na sa aka fita aka nuna masa jarkar waje.

Ya gama kallo. Sannan ya ce, "Inna, wannan ai gona ce, ba gida ba."

Na ce, "Gona ce. Amma a Madina take."

Ya ce, "Wa ya kai ki can? Ina jagoranku? Inna, don Allah ki koma ki yi ibadarki." Wayar ta yanke. Bai ce zai bar Barsu ba, bai ce ba zai bari ba.

Mun iso masauki ana loda jakunkuna. Jagora ya yi ta faɗa, Hajiya Ladi ta ce masa banɗaki na shiga, Allah Ya yafe mata. A Bi'ir Ali, masallacin da ake ɗaukar harami, na yi wanka na yi niyya cikin dubban mutane da hayaniyar motoci. Ranar kasuwar garinmu ce. Na ce, ya Allah, na yi iyakar abin da tsohuwa za ta iya, sauran naKa ne. A Makka na yi ɗawafi da Safa da Marwa a keken turawa, na yi wa Malam addu'a a kowane zagaye. Duk lokacin da aka kira gida sai Asabe ta ce lafiya lau, in na ce Barsu fa, sai ta ce layi ba kyau. Yanzu tana dariya, wai an hana ta faɗa ne. Ni dai na dawo da zuciya a hannu.

Da motar ta tsaya ƙofar gida mutane suka rufe ni da guɗa. Ina amsa gaisuwa ina leƙen ƙofar ɗakina. An share wurin tas, ba Barsu, ba kaskonsa. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsa a gaban baƙi. Na zauna ina raba dabino, bakina kaɗai ke murmushi.

Da la'asar Sani ya leƙo ya ce, "Inna, sa takalmi." Ya ɗauke ni a bayan babur. Da na ga mun nufi rafi na ce ya tsaya, ba zan iya ba. Ya ce, "Sai kin iya, don ni ya ƙi cin nawa."

Ya gyara bukkar ubansa, ya nome ciyawar da ta cinye kunyoyi. A gindin mangwaro ga doguwar igiya, ga tsohuwar rigar farautar Malam a shimfiɗe, ga Barsu kwance a kanta, haƙarƙari duk a waje. A bakin shinge kuma, ta waje, jarka ce yankakkiya cike da ruwa, an danne ta da dutse. Barsu ya ɗago kai. Bai yi haushi ba. Ya taso yana rawar ƙafa ya ɗora haɓarsa a kan takalmina, daidai inda Malam ya faɗi ko kusa da nan. Sani ya juya baya yana gyaran shingen da ba abin da ya same shi.

Yanzu kullum da hantsi ina bin hanyar rafi da 'yar ledata. Ƙofar ɗakina ta yi shiru, ban saba ba tukuna, kuma har yau in na shiga lambun sai na yi hawaye kafin in zauna. Amma ina shiga. Barsu ya fara mayar da jiki, albasar da Sani ya dasa ta fito.

To, ku da kuka tambaya, kun ji. Zamzam ya ƙare, dabino ya kusa. Wadda ta yanka wani abu a gidanta, ta aiko mini da ƙashin, na rago ko na akuya, ban da na kaza. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai wanda bai je ba.